MUDU BIYU A RUMFA ƊAYA: Darasi daga Littafin Karin Magana domin masu bi a kasuwa

Karatu: Karin Magana 11:1-6, 20:10-23
Ayar haddacewa: Karin Magana 16:11

Gabatarwa

Darasin nan domin dukan masu bi ne, amma mun shirya shi musamman domin ku 'yan'uwa maza da mata da kuke neman abinci a kasuwannin Duwala: Kasuwar Dakar, Kasuwar Kongo, Sandaga, da tituna da lungunan New Bell. Waɗansunku suna da rumfa, waɗansu tebur, waɗansu kuma tire ne a ka. Akwai mai awo, akwai mahauci, akwai mai sayar da albasar da ta sauko daga Marwa da Garwa, akwai yaron shago wanda bai mallaki ko allura a shagon ba tukuna.

Tambaya ɗaya ce take damun masu bi da yawa, ko da ba su faɗa a majami'a ba. Ita ce, mutum zai iya yin ciniki da gaskiya a wannan gari, ya biya kuɗin haya, ya biya kuɗin makaranta, ya kuma ciyar da iyalinsa? Waɗansu sun riga sun ba kansu amsa. Sun ce Lahadi ta Allah ce, sauran kwana shida kuwa na kasuwa ne, kowanne da dokarsa. Idan haka kake tunani, ɗan'uwa, ka buɗe Littafi Mai Tsarki, ka ajiye shi kusa da wannan takarda. Duk inda muka ambaci aya, ka nemo ta ka karanta da idonka, gama mu bayani kawai za mu yi da bakinmu.

Littafin da ya san kasuwa

Littafin Karin Magana yana da sura 31. A tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 ana kiransa Misalai. Yawancinsa daga bakin Sarki Sulemanu ne, wanda 1 Sarakuna 4:32 ta gaya mana cewa ya yi karin magana 3,000 da waƙoƙi 1,005. Waɗansu daga ciki mutanen Sarki Hezekiya ne suka tattara su bayan shekaru masu yawa (25:1). Sura ta 30 ta Agur ce, ta 31 kuwa koyarwa ce da mahaifiyar Sarki Lemuwel ta yi wa ɗanta.

Mu Hausawa ba baƙin karin magana ba ne. Mun san magana guntuwa takan ɗauki kaya mai nauyi. Abin da ya bambanta wannan littafi shi ne tushensa. Tun daga 1:7 an kafa shi a kan tsoron Ubangiji. Wayo dabam, hikima dabam. Mai wayo yana tambayar abin da zai samu yau. Mai hikima yana tambayar abin da Allah yake gani.

Ka lura kuma da wurin da hikima take tsayawa ta yi kira. A 1:20-21 an nuna ta kamar mace mai shela a titi, a dandali, da bakin ƙofar gari inda jama'a suke cincirindo. A zamanin dā ƙofar gari ita ce wurin ciniki da shari'a. Da a Duwala aka rubuta littafin, da an ce tana tsaye a mararraba, cikin ƙarar babura da kiran masu talla. Allah bai ɗauki kasuwa ƙazamin wurin da ba ya shiga ba. Macen kirki da aka yaba a sura ta 31 'yar kasuwa ce: ta sayi gona, ta saƙa tufafi ta sayar, tana kuma lura da ribarta. Saboda haka ciniki ba zunubi ba ne, riba ma ba zunubi ba ce. Maganar tana kan yadda aka samo ta.

Mudu da sikeli

A zamanin Sulemanu ba a fara buga tsabar kuɗi ba. Azurfa ake aunawa a sikeli, a sa duwatsun awo a gefe ɗaya. Ɗan kasuwa yakan riƙe duwatsunsa a jaka. Shekel ɗaya ya kai kimanin giram 11. Macuci kuwa yakan riƙe duwatsu iri biyu: mai nauyi domin ranar da yake karɓa, marar nauyi domin ranar da yake bayarwa. Haka ma mudun hatsi, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Annabi Amos ya tone asirin masu yin haka a Amos 8:4-6, har ya ambaci masu haɗa hatsi da shara su sayar wa matalauci.

Sau huɗu Littafin Karin Magana ya koma kan wannan batu: 11:1, 16:11, 20:10 da 20:23. A uku daga ciki an ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji. Kalmar nan mai nauyi ce, ita ce Shari'ar Musa take amfani da ita a kan gumaka. Ta huɗun kuwa, wato 16:11, tana koya mana cewa sikelin gaskiya da duwatsun da suke cikin jaka na Ubangiji ne. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Mudun da yake hannunka ba naka ba ne, aro aka ba ka. Mai shi kuwa yana tsaye a rumfar.

Ba sai mun koya maka hanyoyin tauye mudu ba, kowa ya san su. Akwai kofin da aka buga gindinsa ya shige ciki. Akwai yatsan da yake danna sikeli. Akwai bokitin tumatir, manya a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Akwai buhun da aka zare kaɗan aka sāke ɗinkewa, da manjan da aka yi wa algus, da naman jiya da aka cuɗa da na yau. Mai yi yakan ce, "Ai ɗan kaɗan ne." To, bari mu yi lissafi. A ce mai awo yana rage giram 50 a kowane kilo na shinkafa, yana sayar da kilo 40 a yini. Kilo 2 ke nan kowace rana. Cikin kwana 26 na kasuwa ya tara kilo 52, wato fiye da buhu guda mai kilo 50 a wata. Idan wani ya fasa rumfarka da dare ya ɗauki buhu guda, za ka kira shi ɓarawo. Wane suna za a ba wanda ya ɗauki buhun da rana, cokali cokali, daga tukwanen gwauraye da marayu?

Gama su ne suke shan wahalar. Mai kuɗi buhu yake saye, yana iya sa a auna masa a gabansa. Mai sayen kofi biyu da yamma, bayan ta yini tana wanki a gidan wani, ita ce ba ta da bakin magana. Karin Magana 14:31 ta ce wanda ya zalunci matalauci, Mahaliccinsa ya zaga.

Akwai kuma maganar shaida. A New Bell da sauran unguwannin Hausawa, mai bi Bahaushe yana zaune ne a tsakiyar 'yan'uwa da maƙwabta Musulmi, waɗanda su ma tun suna yara aka gargaɗe su ƙwarai a kan tauye mudu. Da yawa cikinsu ba su taɓa shiga majami'a ba, ba su kuma taɓa buɗe Linjila ba. Mudunka suke karantawa. Idan ya cika, sun ji wa'azi. Idan ya gaza, sun ji wani wa'azi dabam, kuma sunan Almasihu ne zai sha zargi.

Bakin mai saye da bakin mai sayarwa

Kada mai saye ya ce darasin nan bai shafe shi ba. Karanta 20:14. Sulemanu ya zana hoton mai saye wanda yake kushe kaya a gaban mai su, yana cewa ba su da kyau, amma da ya juya baya sai ya shiga fahariya cewa ya sami banza. Shekara wajen 3,000 ke nan, har yau halin bai sāke ba.

Tayi da ragi ba laifi ba ne. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a sassauta har a sallama, kowa ya san haka ciniki yake tafiya, ba wanda aka ruɗa. Laifin yana shigowa ne sa'ad da ƙarya ta shiga. Mai kaya ya ce, "Ko uwar kuɗi ban mayar ba," alhali ya san ya ci riba. Mai saye ya ce, "Can gaba an sallama mini a kan kaza," alhali bai je ko'ina ba. Dillali ya faɗa wa mai kaya kuɗi ɗaya, ya faɗa wa mai saye wani, ya ci tsakani, sa'an nan ya sāke karɓar la'ada. Mafi muni kuma shi ne a jawo sunan Allah a rantse a kan kashin barkono. Ubangiji Yesu ya hana mu wannan a Matiyu 5:33-37, Yakubu 5:12 ma ta nanata. Mai bi ba ya bukatar rantsuwa, domin maganarsa ta yau da kullum ta isa.

Kana da iko ka ƙi faɗin yadda ka saro kayanka. Kana iya cewa, "Wannan shi ne kuɗin da zan iya sayarwa." Ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma tona cikinka ba. Amma idan kaya suna da aibi, ka faɗa, ka rage kuɗin. Idan kuma 'yar ƙauye ta kawo rogo ko ayaba, ka ga dare yana yi mata, ba ta da kuɗin motar komawa, kada ka mai da matsuwarta ta zama ribarka. Karin Magana 22:22-23 ta gargaɗe mu cewa Ubangiji da kansa ne lauyan irin waɗannan mutane. Wa zai so ya shiga shari'a da shi?

Ranar tsada

Manya a cikinku suna tune da watan Janairu na 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma sefa 100, kayan da ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa suka yi tsada nan da nan. Kuna kuma tune da watan Fabrairu na 2008, lokacin da tsadar mai da ta abinci suka taimaka wajen tayar da tarzoma a Duwala da waɗansu garuruwa, aka rufe kasuwanni, aka yi asarar rayuka. A irin waɗannan kwanaki ne ake sanin halin ɗan kasuwa.

Karin Magana 11:26 ta raba 'yan kasuwa gida biyu: mai ɓoye hatsi, wanda jama'a suke la'anta, da mai fito da shi ya sayar, wanda albarka take sauka a kansa. Ka lura, ba a ce ya raba kyauta ba. An yaba masa ne domin ya sayar a lokacin da ake bukata. Tanadi kuwa ba laifi ba ne, gama 6:6-8 ta aike mu wurin tururuwa mu koyi tara abinci da kaka, Yusufu ma ya tara hatsi a Masar shekara 7 ya ceci ƙasashe. Bambancin yana cikin zuciya. Yusufu ya tara domin ya buɗe rumbu ran yunwa. Mai ɓoyewa yana rufe rumbu domin yunwar ta ƙaru. Idan kana da masara ko wake a ajiye, kana kuwa jin daɗi a ranka duk lokacin da ka ji an ce abinci ya yi wuya, ɗan'uwa, ka binciki kanka.

Bashi, lamuni da adashi

Kasuwa ba ta tafiya sai da amana. Babban ɗan kasuwa yakan ba ƙarami kaya, ya sayar ya kawo kuɗi. Shanu sukan sauko daga Adamawa, mahauci ya karɓa ya yanka, ya biya daga baya. Ba takarda, ba sa hannu, magana ce kawai. Haka kakanninmu fatake suka yi cinikin goro da shanu daga Kano har bakin teku. Wanda ya ci amanar nan, ba mutum ɗaya ya cuta ba, ya rufe ƙofa ga waɗanda suke bayansa.

Littafin Karin Magana bai haramta bashi ba, amma ya faɗi gaskiyarsa a 22:7: mai cin bashi yakan zama kamar bawa ga wanda ya ba shi. Hausawa ma sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai akwai bashin jari, akwai bashin nuna isa. A ce ka karɓi sefa 100,000 a kan ruwan kashi 10 cikin 100 kowane wata. Kowane wata za ka biya 10,000, a shekara ka biya 120,000, uwar kuɗin kuwa tana nan ba ta motsa ba. Idan domin biki ko ankon suna ka ci wannan bashi, an gama biki cikin kwana biyu, kai kuwa ka shiga bauta ta shekara. Idan kuma kai ne ake bi, kuɗin yana hannunka, kada ka ce wa mai shi ya je ya dawo gobe. Karanta 3:27-28.

Sai maganar lamuni, wato tsaya wa wani. Littafin ya yi gargaɗi a kan wannan sau da yawa: 6:1-5, 11:15, 17:18, 22:26-27. A wuri na ƙarshe har an ce za a iya janye gadon da kake kwance a kai. Wannan yana da wuya a gare mu baƙi, gama a garin da ba naka ba, ɗan garinku ɗan'uwanka ne. Ya sauka a tasha, ya nemo ka, ya ce ka tsaya masa a ba shi kaya ko babur na haya. Kunya ba za ta bar ka ka ce a'a ba. Amma ka ji ka'ida mai sauƙi: kada ka tsaya wa kowa a kan kuɗin da ba za ka iya biya da kanka ba tare da 'ya'yanka sun kwana da yunwa ba. Abin da za ka iya bayarwa, ka ba shi kyauta, ka sa a ranka Ubangiji ka ranta wa (19:17). Abin da ya fi ƙarfinka, ka faɗa masa gaskiya tun da wuri. Gara ɓacin rai na kwana ɗaya da gabar shekara goma. Kada kuma ka sa hannu a irin wannan takarda ba da sanin matarka ko mijinki ba, domin gadon da za a janye na ku biyu ne.

Adashi kuwa, wanda a nan ake kira tontin ko njangi, hanya ce mai kyau ta tara jari, mata da yawa da shi suka kafa rumfa. Amma 'yar'uwa, idan kin riga kin kwasa, zubin da ya rage bashi ne a wuyanki. Wadda ta kwashi nata ta fara ɓuya, ta shiga gonar wasu. Uwar adashi kuma ta tuna kuɗin da yake hannunta amana ne, ba jarinta ba.

Kuɗin dare ɗaya

A shekarun 1990, lokacin da tattalin arzikin Kamaru ya shiga mawuyacin hali, wata kalma ta bazu a Duwala, wato feyman: ɗan damfara mai manyan motoci da tufafi masu tsada, wanda yake ruɗin mutane cewa zai ninka musu kuɗi. Samari da yawa suka ɗauke su abin koyi. Daga baya damfarar ta sāke riga, ta koma saƙon waya, da ƙungiyoyin da suke alkawarin ninka maka zubinka cikin 'yan makonni, har waɗansu sukan shigo da ita cikin ikilisiya da sunan albarka. Yadda abin yake aiki ba asiri ba ne. Kuɗin waɗanda suka shigo daga baya ake biyan na farko da shi, su kuwa su tafi su yi shela. Ranar da sababbin masu zubi suka ragu, sai a wayi gari ofis a kulle.

Sulemanu ya riga ya faɗa. Dukiyar gaggawa takan lalace, wadda aka tara kaɗan kaɗan ita take ƙaruwa (13:11). Mai hanzarin yin arziki ba zai kuɓuta daga laifi ba (28:20). Abincin zamba yana da daɗi a baki da farko, daga baya ya zama tsakuwa (20:17). A 23:4-5 kuma an kwatanta dukiya da tsuntsun da yake buɗe fikafikai ya tashi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa. Ɗan damfara ba ya kama kowa sai da ƙugiyar da ta riga ta kasance a zuciyar mutum. Maganinta yana cikin addu'ar Agur a 30:7-9. Abu biyu ya roƙa: a nisanta shi da ƙarya, a kuma ba shi abin da ya ishe shi, kada ya ƙoshi ya manta da Allah, kada kuma ya rasa ya yi sata ya ɓata sunan Allahnsa. Iyaye, ku koya wa samarinku wannan addu'a.

Suna ya fi kuɗi

Karin Magana 22:1 ta sa suna mai kyau a gefe ɗaya na sikeli, dukiya mai yawa a ɗaya gefen, sunan ya rinjaya. Tarihin unguwar New Bell kansa yana koya mana wannan. A 1884 sarakunan Duwala suka yi yarjejeniya da Jamusawa, wadda ta bar wa mutanen gari ƙasarsu. Bayan shekaru, gwamnatin mulkin mallaka ta ƙudura ta ƙwace filayen bakin kogin Wuri, ta tura masu su can baya. Daga nan ne New Bell ta samo asali, ta kuma zama masaukin baƙi, har da Hausawa. Masu iko sun auna wa kansu da mudu ɗaya, suka auna wa talakawa da wani, suka kawar da iyakar da 22:28 ta hana a taɓa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, ko da yake yin shiru zai tsare masa sarauta da albashi. Aka tuɓe shi, aka rataye shi ran 8 ga Agusta, 1914, tare da Ngoso Din. Kafin ƙarshen watan Satumba na shekarar nan Duwala ta fita daga hannun Jamusawa. A 2022 kuwa, a birnin Berlin, aka cire sunan Nachtigal, wakilin Jamus na 1884, daga wani dandali, aka sa sunan Manga Bell. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kai ba sarki ba ne, amma kana da suna a layinku. Akwai rumfar da uwa takan aiki ƙaramin yaro da kuɗi a hannu ba tare da fargaba ba, domin ta san za a cika masa mudu a ba shi canjinsa daidai. Irin wannan suna ba a sayensa, shekaru ake yi ana gina shi. Gobara ta sha cinye rumfuna a kasuwannin Duwala. Ran da wuta ta ci kaya, mai suna yakan sami wanda zai ba shi sabon kaya bashi ya sāke tashi, gama abin da ya fi tsada a rumfarsa bai ƙone ba.

Idan gaskiya ta jawo asara fa?

Ba za mu ruɗe ka ba. Karin magana tana faɗin yadda al'amura suka saba tafiya ne, ba ta yi alkawari cewa kowane mai gaskiya zai yi arziki kafin ƙarshen shekara ba. Mai yiwuwa ne ka gyara mudunka ribarka ta ragu. Mai yiwuwa ne maƙwabtan rumfa su tsane ka domin cikar mudunka tana tona nasu. Yaron shagon da ya ƙi yi wa ubangidansa ƙarya yana iya rasa aikinsa. Littafin ya san da haka, shi ya sa ya ce ƙaramin abu tare da adalci ya fi babbar riba ta zalunci (16:8), matalauci mai mutunci kuma ya fi attajiri mai karkatacciyar hanya (28:6). A nan ne ikilisiya take da aiki. Idan ɗan'uwa ya yi asara saboda gaskiya, kada dattawa su sallame shi da "Allah ya kyauta" kawai. A nema masa aiki, a haɗa masa jari, masu bi kuma su riƙa saye a wurinsa.

Wataƙila kuma kana karatun nan zuciyarka tana kāshe ka, domin ka san akwai mudu biyu a rumfarka. Kada ka fid da zuciya. Karanta 28:13: mai rufe laifinsa ba zai ci gaba ba, amma wanda ya furta ya kuma rabu da shi zai sami jinƙai. Ka tuna da Zakka a Luka 19:1-10. Shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, ya yi arziki da guminsu talakawa. Yesu bai jira ya gyaru ba kafin ya shiga gidansa. Amma da Yesu ya shiga, hannun Zakka ya buɗe: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya cuta kuma ya mayar masa ninki huɗu. Ba biyan ne ya saya masa ceto ba, ceton ne ya haifi biyan.

Idan aka ɗora mu a sikelin Allah, ba wanda zai cika awo, gama Romawa 3:23 ta ce dukanmu mun kāsa. Almasihu ne kaɗai cikakke, shi ne hikimar Allah a gare mu (1 Korantiyawa 1:30), ya kuwa biya bashinmu a kan gicciye, bai rage ko ƙwaya ba. Wanda ya karɓi wannan alheri ba zai iya ci gaba da tauye wa maƙwabcinsa ba.

Saboda haka ga abin yi a wannan mako. Ka gwada mudunka da sikelinka da na gaskiya. Idan akwai na zamba, ka fasa shi, kada ka ajiye shi domin wata rana, kada kuma ka sayar wa wani. Wanda ka san ka cuta, ka je ka same shi ka mayar. Waɗanda ba za ka iya ganewa ba, ka riƙa yi wa matalauta gyara mai kauri har zuciyarka ta huta. Ka rubuta bashin da ake binka, ka je wurin masu shi ka sa ranar biya. Ka kuma ɗauki sura ɗaya ta Karin Magana kowace safiya kafin ka buɗe rumfa, cikin wata guda ka gama littafin.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Bisa ga 16:11, wane ne mai sikelin da kake aiki da shi? Me wannan zai sāke a rumfarka gobe da safe?
2. Ina iyakar tayi na halal, ina kuma ƙarya take farawa?
3. Ɗan garinku ya roƙe ka ka tsaya masa a kan kuɗin da ya fi ƙarfinka. Yaya za ka amsa masa cikin ƙauna da gaskiya?
4. Ma'aikacin ofis, malamin makaranta, tela da mai babur ba su riƙe mudu. Ta wace hanya su ma suke iya tauye awo?
5. Me ikilisiyarku za ta yi wa wanda ya rasa aiki domin ya ƙi yin ha'inci?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ne mai auna zukata. Mun gode maka domin Yesu Almasihu wanda ya biya bashinmu duka. Ka gafarta mana inda muka tauye wa maƙwabtanmu, da hannu ko da baki. Ka ba mu ƙarfin hali mu mayar da abin da ba namu ba. Ka tsare mu daga kwaɗayi, ka ba mu abincin yini da wadar zuci. Ka albarkaci kasuwannin Duwala da dukan masu neman abinci a cikinsu, ka sa rumfunan 'ya'yanka su zama shaida ga sunanka. Mun roƙa cikin sunan Yesu. Amin.